Furannin Ɗigo Talatin da Biyu

Tun ranar da narkakken sukari ya zubo wa Ɗigo a hannun dama, uwarta ta daina jin ɗanɗanon komai. Wata takwas ke nan. Sana'arta kek ce, a kicin ɗin gidanta take yi, don haka takan lashi kwaɓi saboda aiki ya ce a lasa, amma ma'auni take bi, ba harshe ba. Fulawa kaza, ƙwai kaza, bota kaza. Babu mai sayen da ya taɓa cewa wani abu ya canza.

Ba ta yi kuka a ranar ba, ba ta yi a asibiti ba. Dangin mijinta har yabonta suke yi, wai Maman Ɗigo akwai dauriya. Ita ta san ba dauriya ba ce. Tukunyar tata ce, ita ta bar mariƙin yana leƙowa bakin murhu, ita ta juya baya don amsa waya. Daga ranar wani abu ya kwanta mata a ƙirji ya yi laƙwas, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Tana tashi, tana wanka, tana dafa abinci, tana dariya inda ya kamata a yi dariya. Shi ke nan.

Ɗigo shekararta shida. Kakanta ne ya laƙaba mata sunan, don da aka haife ta ya leƙa zani ya ce shi bai ga jaririya ba, ɗigo ya gani. Ƙunar ta warke, amma fatar ta tattare tsakanin babban yatsa da manuni, yatsun biyu suka ƙi haɗuwa sai da ƙyar. Da hagu take cin abinci, da hagu take rubutu kamar kaza ta bi takarda. Hannun dama kuwa aljihu ya koma. Rigar da ba ta da aljihu ba ta sa ta, ko za a kwana ana lallashi. Sai uwar ta zauna ta ɗinka wa kowace riga aljihu a dama, har rigar barci.

Matar da ke koya mata motsa hannun a asibiti, wadda Ɗigo ke kira likitar yatsu, ba ta ji daɗin aljihunan nan ba.

“Maman Ɗigo, kin gina masa ɗaki har da ƙofa, ta yaya zai fito?” in ji ta. “Abu ɗaya nake so. Ta riƙa kama abu da yatsun nan biyu, kullum, sau da yawa. In ta ci gaba da ɓoye shi fatar za ta ƙara ɗaurewa, sai an sake yi mata aiki. Ni kuma ba na so mu kai can.”

Ta ba su wani kati, ta ce a riƙa rubuta sau nawa aka yi a rana.

An gwada maɓallan riga, an gwada ƙwallon roba, an gwada murfin kwalba. Ɗigo ta ƙi. Abu ɗaya ta yarda ta taɓa, fondan, kwaɓaɓɓen sukarin nan mai laushi da ake murzawa ya yi faɗi kamar zani a lulluɓe kek da shi. Shi ma sai a kicin, sai an rufe ƙofa, sai babu kowa sai su biyu.

Ana nan sai kakan Ɗigo, baban mijinta, ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyu yana tuƙa motar ma'aikata. Yayar mijin ta kira waya ta ce za a taru a gidanta ranar Asabar nan da sati uku, kuma kek ɗin a wuyan Maman Ɗigo yake.

“Irin mai kyan nan na hoto nake so,” in ji ta. “Wanda za a gani a san Baba yana da suruka.”

Maman Ɗigo ta ajiye wayar ta dubi 'yarta.

“Kaka na buƙatar furanni talatin da biyu, kowace shekara ɗaya. Ni kuma hannuna biyu ne kacal. Ya za mu yi?”

Ɗigo ta leƙa ƙofar kicin ta ga a rufe take.

“Zan taya ki. Amma kada ki faɗa wa kowa ni na yi.”

“Ko Baba?”

“Ko Baba. Ki rantse.”

Ta rantse.

Sati uku suka yi a kai. Kowane fure kunne biyar gare shi, kowane kunne sai an mulmula ɗan ƙwallo an matse shi tsakanin babban yatsa da manuni. Na farkon sun fito kamar kunnen ɓera. Uwar ba ta gyara ko ɗaya ba. Tana jera su a tire su bushe, tana rubuta lamba a katin asibiti. Ranar da Ɗigo ta yi fure uku cur ba ta ce hannunta na ciwo ba, uwar ta tsaya ta jira ta ji wani abu a ranta. Ba ta ji ba. Ta dai rubuta sha biyar.

Ranar Juma'a ta gasa kek ɗin, hawa biyu. Ta shafe shi da kirim ɗin bota mai kauri, ta murza farin fondan ta ɗora. Na farko ya yage a kusurwa, sai ta kama gefensa ta ɗaga a hankali, ya taso gaba ɗaya bai taɓa kirim ɗin ba, ta sake murzawa. Ɗigo na zaune a kan kujera tana kallo.

“Mama, me ya sa kike labta kirim da yawa a ƙasa?”

“Don ya manne,” in ji uwar.

Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Shekara shida tana wannan sana'a, ta san cikin mutum goma bakwai ɓare fondan suke yi su ture gefen faranti. Kirim ɗin mai kauri dominsu take sa shi, in sun cire riga su tarar da abin daɗi a ƙasa. Bai taɓa damunta ba. Masu saye ma tun kafin su yi magana take gaya musu, wannan na ido ne, wanda ba ya so ya cire. Sai da suna cikin mota ranar Asabar, kek ɗin a cinyarta, mijinta na kauce wa ramuka, sannan ta dubi furannin ta ledar kwalin ta tuna a jikin me ta manna su.

Ta waiwaya. Ɗigo na baya cikin riga ruwan ɗorawa, hannu a aljihu, tana ƙirga motoci.

Gidan yayar mijin a hawa na uku yake. Falon ya cika, an aro kujerun roba daga maƙwabta, fanka na juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga surukarta, uwar mijin, a doguwar kujera, ga ƙanin mijin da ba ya rufe baki, ga tsofaffin abokan aikin Kaka su huɗu, har da bakaniken da ya shekara ashirin yana gyara masa mota. Da aka buɗe kwalin falon ya ɗauki sowa.

“Kai! Wannan ci ake yi ko a bango ake ratayewa?”

“A matsa, a matsa, hoto tukuna!”

Kaka ya sa tabarau ya sunkuya a kan ƙaramar motar sukarin da ke sama, ya ce ko lambar ba a manta ba. Ya miƙa wa Ɗigo hannu.

“Amaryata, zo mu yi hoto mana. Yau na bar aiki, kullum ina gida, sai kin gaji da ni.”

Ɗigo ta je ta tsaya ta gefensa na hagu, yadda aljihun zai ɓuya a bayan rigarsa.

Yayar mijin ce ta fara. Tana riƙe da wuƙa ta karkata kai.

“Motar ta yi. Amma furannin nan fa, Maman Ɗigo? Hannunki ya fara rawa ne? Wasu kamar an zauna a kansu.”

“Haka na so su, Yaya,” in ji ta.

Ta yi sauri ta karɓi yanka na farko bayan na Kaka, ta sa wa Ɗigo a faranti, ta tura ta ɗakin yara inda 'yan'uwanta ke kallon katun. Ta ja ƙofar. Ta kama hannun mijinta a lungu.

“Baban Ɗigo, ka tsaya nan. Kada ka bar ta ta fito.”

“Lafiya?”

“Ka dai tsaya.”

Kafin ta dawo falo an soma.

“Wannan ledar fa, da ita ake ci?” in ji ɗaya daga cikin tsofaffin.

“Matar Yaya, don Allah cingam ne ko roba?” in ji ƙanin mijin, yana tauna da gayya. “Tun ɗazu nake aiki, ko albashi babu.”

Bakaniken ya ɗaga nasa ya ja shi ya saki. “A tara mini, wallahi zan yi facin taya da shi.”

Falon ya fashe da dariya. Surukarta ta dafe kumatu ta ce ita zaƙin har cikin kunne take jin sa, 'yan zamani dai ba sa tausayin haƙori. Wata maƙwabciya ta ce na cikin kam ba magana, amma wannan ɓawon asarar sukari ce.

Maman Ɗigo ta ji su duka, kamar mai jin magana daga ƙarƙashin ruwa. Ba ta ji haushi ba. Ta ma so ta ji. Kalma ɗaya za ta faɗa falon ya yi tsit, kowa ya haɗiye ɓawonsa har da lashe faranti, amma ta rantse wa yarinya, kuma ta san abin da zai biyo baya: a kira Ɗigo, a ce nuna hannun, a yi ta wayyo da sannu. Hannun da ya sha wannan ba zai sake fitowa ba, ko a kicin.

Sai ta ciro leda daga jakarta ta ɗauki tire, ta shiga bin kujeru.

“Kawo in rage maka, Baba. Kawo, Mama.”

Tana kwashe ɓawon tana zubawa a leda, furannin kuma tana ware su a tafin hannu. Wani ta same shi a cikin kofi, ya jiƙe da sauran lemo. Wani a naɗe cikin tishu. Wani a ƙarƙashin kujera, takalmi ya bi ta kansa ya zama faifai. Ta durƙusa ta kankare shi da farce. Ta san wannan, na ranar Laraba ne, wanda Ɗigo ta sake yi sau uku. Ta ƙirga, sha bakwai.

“Ke kuwa ki zauna mana,” in ji surukarta. “Kin yi kek, kuma ke ce mai shara?”

“Yanzu zan zauna, Mama.”

Ta ɗago ke nan ta hango mijinta a bakin baranda, wani abokin Kaka ya riƙe masa hannu yana ba shi labarin wata tafiya. Ƙofar ɗakin yara a buɗe. Ɗigo na tsaye a tsakiyar falo, hannun dama a aljihu, tana kallon kakanta.

Kaka bai taɓa nasa yankan ba, hira ta ɗauke shi. Farantin na kan gwiwarsa, yayar mijin ta sunkuya a kai da cokali mai yatsu.

“Baba, bari in cire maka wannan robar. Wa ya ce a ba tsoho wannan abu?”

Tana kankara, kek ɗin na farfashewa, kirim na bin cokali. Fure ɗaya ya karye biyu ya faɗi a kafet.

Tsakanin Maman Ɗigo da 'yarta akwai tebur da ƙafafun mutum shida. Ta shirya ƙarya tun a mota, cewa manya ajiye furanni suke yi don sun fi ƙarfin ci. Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa. Ta tsaya da ledar a bayanta.

Ɗigo ta dubi furen da ke ƙasa. Ta dubi cokalin. Ta matsa kusa.

“Gwaggo, ba haka ake yi ba. Kina kashe kirim ɗin.”

“Iye? 'Yar mai kek ta zo. To malama, ya ake yi?”

Farantin na lilo a gwiwar Kaka, sai Ɗigo ta riƙe shi da hagu. Ta tsaya. Babu sauran hannu sai ɗaya. Uwar ta ga aljihun ya motsa, ta ga wuyan hannun ya fito, sannan tabon, mai sheƙi, ja-ja, a tattare kamar bakin jaka. Yatsun biyu suka nufi gefen fondan ɗin da cokali bai taɓa ba. Suka kuskure. Suka sake. Suka kama. Ta ɗaga a hankali, harshenta a waje, abin ya taso gaba ɗaya, kirim ɗin ya zauna lumui a kan kek.

“Ka gani, Kaka? Daga gefe ake kamawa.”

Rabin mutanen falon ba su taɓa ganin hannun ba tun da aka cire bandeji. Hirar ta yanke. Maƙwabciyar ta dafe ƙirji. Yayar mijin ta ja numfashi, bakinta ya riga ya ɗauki siffar wayyo.

“Yaya,” in ji Maman Ɗigo, da muryar da take faɗa wa masu saye lokacin zuwa ɗaukar kaya, “miƙa mata naki ta cire miki. Akwai saura a tebur, duk wanda ba ya son ɓawo ya kawo a ɓare masa.”

Suka haɗa ido. Yayar mijin ta rufe bakinta. Ta juya ta yanko wani yankan da kanta ta miƙa.

“To malama, a taimaka wa Gwaggo.”

Ƙanin mijin, da ba a taɓa rasa shi a inda ake buƙatar surutu ba, ya taso da faranti. “A bi layi! Ni na fara shan wahala, ni ne na biyu. Ɗigo, ki cece ni, muƙamuƙina ya kusa fita.”

“Baffa, ai kai ka cinye naka.”

“Shi ya sa nake neman ƙari, uwata.”

Aka yi dariya, ta gaske wannan karon, hira ta koma inda take. Bakaniken ya kawo nasa ya ce a ajiye masa facinsa daban. Ɗigo na ɓarewa, tana cire furen kowane yanka ta jera a wani ɗan faranti, ba ta kallon fuskar kowa. Uwar na tsaye inda take, leɓɓanta na motsi. Uku. Huɗu. A na tara yatsun suka gaji, fondan ya suɓuce, Ɗigo ta yarfe hannu ta sake kamawa.

Kaka ya sunkuya ya ɗauki rabin furen da ya faɗi a kafet. Ya gyara tabarau ya kai shi kusa da ido. A kowane kunne akwai ɗan layi siriri a karkace, inda tabon ya danna sukari. Ya ɗauki wani daga ɗan farantin ya duba, layin na nan. Ya ɗago ya nemi surukarsa da ido, ya yafito ta.

“Shekara talatin da biyu ina kallon titi,” ya ce ƙasa-ƙasa. “In na ga sawu na san tayar da ta yi shi.”

“Baba, na yi alkawari.”

“Ni na ce wani abu?”

Ya zura furen a aljihun gaban rigarsa, inda biro yake zama, ya ci gaba da cin kek ɗinsa.

Da la'asar suka sauko. Mijin na gaba da kwalin da babu komai, yana ta ba da haƙuri a kan ƙofar da ya bari. A hawa na biyu Ɗigo ta ja zanin uwarta.

“Mama, in faɗa miki wani abu ba za ki ji haushi ba?”

“Faɗi.”

“Ni ma ba na son cin sa. Manne mini yake yi a haƙori. A bayan kujerar kicin nake liƙawa.”

Uwar ta tsaya a kan matakala. Wata takwas tana goge kicin ɗin nan kullum, ba ta taɓa juya kujerar ba.

“To me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Ai ke kike yi.”

Uwar ta ci gaba da sauka. Ta buɗe jaka don ciro makulli, ledar ta leƙo.

“Mene ne wannan?”

Ta nuna mata. Ɗigo ta leƙa, ta tona da hagu har ta kai ga wanda aka taka.

“Wannan na Laraba ne,” ta ce. “Dama bai yi kyau ba.” Ta mayar. Hannun dama ya riga ya koma aljihu, kuma a can ya zauna har suka isa gida.

A kicin Maman Ɗigo ta juya kujerar. Ga su nan a jere a jikin katako, ƙananan dunƙule farare da ruwan hoda da kore, sun bushe kamar tsakuwa, kowanne da ɗan layinsa a karkace. Ta ɗauko wuƙa za ta kankare, sai ta ajiye. Akwai sauran kirim a bayan hannunta, ta lasa. Sanyin bota kawai ta ji.

Ta ciro katin asibiti daga saman firij, ta nemo biro. A layin Asabar ta rubuta sha huɗu. Gurbin ƙarami ne, don haka sauran ta rubuta shi a gefe, da ƙananan baƙaƙe: a gaban mutane.

Daga ɗaki Ɗigo ta ɗaga murya tana tambayar ina rigar barcinta.

“Wacce?” in ji uwar.

“Mai aljihu.”

Ta ɗauko ta daga kan igiya ta kai mata.